Ƙwallo, Gem ko Labarin Yaƙi: Wanne Ya Cancanci Ɗan Lokacinka na Dare?

Lokacin da mai aiki ko ɗalibi zai bugi ƙirji ya ce nasa ne a yini ba shi da yawa. In an cire barci da nema da hidimar iyali, abin da ke saura bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, galibi da dare. Abubuwa uku ne suka fi yi wa wannan ɗan lokaci rububi a yanzu, kuma duk a waya ɗaya suke zaune: kallon ƙwallo, buga gem (wasan bidiyo), da bin labarin yaƙe-yaƙen da ake gwabzawa a duniya. Mutum kan ɗauki waya da niyyar ɗaya, ya zarce na biyu, barci ya sace shi a na uku, gari ya waye bai huta ba kuma bai ƙaru da komai ba. Wanda ya gaji da haka, yake son ya tsayar da shawara ɗaya, ga yadda nake auna su.

Abin da nake dubawa

Na farko kuɗi, ba na shiga kaɗai ba, har wanda ke zurarewa kaɗan-kaɗan ba a ankara ba. Na biyu sauƙi, wato me mutum zai tanada kafin ya fara. Na uku ɗorewa: bayan wata guda, me ya rage maka daga abin da ka ba lokacinka? Na huɗu haɗari, ga aljihu da barci da zuciya. Na biyar kuwa shi ya fi sauran nauyi a wurina: wa ke tashin zaman? Akwai abin da ke ƙarewa da kansa ya sallame ka, akwai wanda sai ka ƙwaci kanka da ƙarfi. Da dare, lokacin da jiki ya gaji hankali ya yi rauni, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Kallon ƙwallo

A batun tashin zama, ƙwallo ba ta da na biyu. Minti 90 ne, da hutun rabin lokaci na minti 15, da 'yan mintocin da alƙalin wasa zai ƙara. Ko da ta yi tsawo ta kai ƙarin lokaci da bugun fenariti, kamar wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Katar ranar 18 ga Disamban 2022, inda Ajantina da Faransa suka yi 3-3 kafin Ajantina ta ɗauke kofin da 4-2 a fenariti, awa uku ne iyakarta. Alƙali ya busa, kowa ya watse. Ranar wasan ma an santa tun da wuri, kana iya tsara makonka ka bar mata gurbi.

Kuɗinta na wata-wata ne, kuma sananne ne, sai dai kamfanonin nuna wasa sun raba gasanni a tsakaninsu, don haka mai son Firimiyar Ingila da Gasar Zakarun Turai a lokaci guda yana iya samun kansa da biyan wuri biyu. Masu gudun biya sukan koma shafukan da ke satar wasa, kuma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san wahalarsu: hoto ya daskare daidai lokacin da ɗan wasa ya shiga da'ira, ka jiyo ihun ci daga maƙwabta alhali kai ƙwallonka tana tsakiyar fili, ga tallace-tallacen da in ka taɓa su da kuskure za su cusa wa wayarka abin da ba ka nema ba.

Abin da ƙwallo ke bari a hannu shi ne hira. Wasa ɗaya mai kyau yana ba ka abin tattaunawa na mako guda da abokin aiki, da ɗan'uwa, har da baƙon da ba ka taɓa gani ba. Har yau ana ba da labarin yadda Leicester ta ci Firimiya a 2016, bayan kamfanonin caca sun sa mata 5,000 da 1 a farkon kaka, wato wanda ya zuba ɗaya a kan za ta ci kofin zai samu 5,000.

Cacar nan ita ce babban haɗarin ƙwallo a wannan zamani, kuma lissafinta ba ɓoyayye ba ne. In abu biyu suna da dama iri ɗaya, adalci shi ne a biya wanda ya ci ninki biyu na abin da ya zuba. Kamfani ba ya biyan haka, sai ya biya kamar 1.9, ɗan gibin da ke tsakani shi ne ribarsa a kan kowane mutum, kowace rana. Mai harhaɗa wasa goma a takarda ɗaya kuwa ya ninka wa kamfanin wannan gibi sau goma. Abin ya kai ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Da zarar kuɗi ya shiga, hutu ya fita: mutum ya daina kallon wasa, ya koma ƙirga kwana da katin gargaɗi a wasannin ƙungiyoyin da ko sunansu bai iya faɗa ba.

Masu ciwon zuciya su ma su kula. Likitoci a birnin Munich sun bi diddigin marasa lafiya lokacin Kofin Duniya na 2006, suka gano cewa a ranakun da Jamus ke wasa, waɗanda aka garzaya da su asibiti saboda matsalar zuciya sun ninka fiye da sau biyu da rabi. Sai kuma yawan wasa: tun 2024 Gasar Zakarun Turai ta koma ƙungiya 36, kowace da wasa 8 a zagayen farko maimakon 6, Kofin Duniya na 2026 kuma aka tsara shi da ƙasa 48 da wasa 104 maimakon 64. Wanda ya ce sai ya ga komai, babu daren da zai saura masa.

Gem

Kuskure ne a yi wa wasannin bidiyo kuɗin goro, domin kashi uku ne a ƙalla, kuma ba su haɗa hanya ba.

Akwai waɗanda ake saya sau ɗaya, masu labari da farko da ƙarshe, ana buga su ko babu intanet. Kuɗin shigarsu ya fi yawa, musamman in sai an sayi na'ura: PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499. Amma na'urar tana da ƙarko. PlayStation 4 da ta fito a 2013 an ci gaba da yi mata sababbin wasanni har bayan shekara goma. Irin waɗannan wasanni kana iya dakatar da su in an kira ka, ka ajiye inda ka tsaya, gobe ka ɗora. A ganina su ne mafi lafiya a cikin ukun.

Akwai na ƙwallo. Kamfanin EA ya yi shekara 30 yana fitar da wasan FIFA tun 1993, ya rabu da hukumar ƙwallon ta duniya mai wannan suna, wasan ya koma EA Sports FC a 2023. Konami kuma ta mai da nata wasan, PES, zuwa eFootball a 2021, ta bar shi kyauta. Wasa ɗaya bai wuce minti 10 zuwa 15 ba, kuma in da aboki a gefe kowa riƙe da hannunsa, ana tsokanar juna ana dariya, da wuya a sami nishaɗin da ya kai wannan araha. Matsalar tana ɓangaren haɗa ƙungiya ta intanet, inda ake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe, ba ka san wanda zai fito ba sai ka buɗe. Beljiyam ta duba wannan tsari a 2018 ta ce caca ce, kuma a farkon 2019 EA ta daina sayar da kuɗin cikin wasan a ƙasar. Ga shi kuma duk shekara sabon wasan EA ke fitowa, ƙungiyar da ka kashe wa kuɗi da dare bara ba ta biyo ka, daga tushe za ka sake.

Na uku su ne na harbe-harbe a waya, irin su PUBG Mobile, Free Fire da Call of Duty Mobile. Su suka fi sauƙin shiga: saukewa kyauta, sai data da waya mai ɗan ƙarfi. A PUBG mutum 100 ake saukewa a tsibiri, zagaye ɗaya ya kai kusan rabin awa. A Free Fire mutum 50 ne, kamar minti 10. Ba a dakatar da su, domin da mutane kake bugawa kai tsaye, in ka ajiye waya ka ci amanar 'yan tawagarka. An kuma gina su ne don kada ka tashi: kyautar shiga kullum, matakin da ke sauka in ka yi kwanaki ba ka buga ba, kayan ado na ɗan lokaci da in ba ka saya yau ba sun wuce. Aka kashe ka kana saura mutum uku, yatsa ya riga tunani danna sabon zagaye. Wayar ta yi zafi a hannu, batir yana mutuwa da wuri, ƙarfe biyun dare ta yi ba ka sani ba.

Ba na cikin masu cewa gem ɓata lokaci ne zalla. Tsakaninsa da kallon ƙwallo da labarin yaƙi, shi kaɗai ne hannunka da ƙwaƙwalwarka ke aiki, kana yanke shawara, kana ƙwarewa, kuma yana haɗa abokan da nisa ya raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta sa jarabar gem a jerin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ba yawan bugawa kawai ta kira cuta ba. Sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem a kan sauran lamuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma abin ya kai kamar shekara guda. Mafi yawan masu bugawa ba su kai nan ba. Amma Sin ta ga abin da ya sa a 2021 ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Labarin yaƙi

Wannan shi ne mai wuyar sha'ani, domin sauran biyun kowa ya san nishaɗi ne, shi kuwa mai binsa yana jin wajibi yake saukewa. Kuma da gaskiyarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, a watan Maris ma'aunin farashin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, domin a lokacin ƙasashen biyu ne ke fitar da kusan kashi 30 cikin ɗari na alkamar da ake cinikinta a duniya. Da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, jiragen suka koma zagaye kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kuɗin dako ya hau kan kowa. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun kar-ta-kwana na RSF ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. Gaza kuwa tun Oktoban 2023 babu mai imanin da zai ce ba ruwansa. Wanda ya toshe kunnensa daga duk wannan bai kyauta wa kansa ba, bai kuma kyauta wa waɗanda abin ya shafa ba.

To amma ta wace hanya? Labaran rediyo na rabin awa, ko rahoto ɗaya mai tsawo daga wakilin da ya je wurin, suna da ƙarshe, kuma akwai wanda za a kama in ya yi ƙarya. Jan allon waya da yatsa a Facebook, TikTok, X ko Telegram ba shi da ƙarshe ko kaɗan. Manhajar tana lura da inda idonka ya tsaya, ta ƙaro maka irinsa, kuma ido ya fi tsayawa a kan abin tashin hankali. Awa biyu a haka ɗiban ruwa ne da rariya: ka ga fashewa hamsin, amma in aka tambaye ka wa ke riƙe da wane gari, me ake tattaunawa a teburin sulhu, ba ka da amsa.

Illarsa ga zuciya an auna ta. Bayan harin bom na gudun yada-ƙanin-wani a Boston a 2013, masu bincike a Jami'ar California da ke Irvine sun gano cewa waɗanda suka riƙa shafe awa shida ko fiye kullum suna bin labarin a kafafen watsa labarai sun fi nuna alamun firgici a kan wasu da harin ya rutsa da su ko da nasu. Maimaita hoto ɗaya sau da yawa yana sa jiki ya ɗauka abin yana ta sake faruwa. Wanda ya kai wannan kan shimfiɗarsa, ba barcin kirki zai yi ba.

Sai ƙarya. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a labarin yaƙi na yanzu ganin ma sai an tantance shi. A kwanakin farko na yaƙin Yukren, an yaɗa bidiyon wani matuƙi da aka yi wa laƙabi da Fatalwar Kyiv yana kakkaɓo jirgin Rasha. Daga wani gem na tuƙin jirgin yaƙi mai suna DCS aka ciro shi, kuma daga baya rundunar sojin saman Yukren ta amince cewa matuƙin almara ne. Wani gem na yaƙi mai suna Arma 3 an sha yanko shi a ce Afganistan ce, ko Siriya, ko Gaza, har kamfanin da ya yi shi a Jamhuriyar Czech ya fitar da sanarwa a 2022 yana koya wa mutane yadda za su gane: hoto dishi-dishi, kyamara na rawa da gangan, galibi da dare, babu sauti na gaske, kuma da wuya ka ga mutum yana motsi a kusa, domin motsin ɗan Adam ne gem ya fi kasa kwaikwaya. Wani binciken jami'ar MIT ta Amurka da aka buga a 2018 ya nuna cewa a Twitter labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari. Ƙara da cewa kowane ɓangare a yaƙi yana kumbura asarar abokin gaba ya rage tasa.

Abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne. In mutum ya saba buɗe labarin yaƙi a lokacin da ya ware wa nishaɗi, sannu a hankali yaƙin kan rikiɗe masa ya zama gasa. Ya zaɓi ɓangare kamar yadda ake zaɓen ƙungiya, yana ƙirga tankokin da aka ƙona kamar ƙwallaye, yana turo wa abokin gardamarsa bidiyon jirgi marar matuƙi na bin wani soja a rami da alamar dariya a ƙasa. Wannan sojan ɗan wani ne, kuma minti ɗaya bayan bidiyon ya mutu da gaske. Ina ganin wannan asara ta fi ta kuɗi da ta barci, domin tausayi ne ke tafiya, kuma mai shi ba ya jin fitarsa. Abin mamaki, wani gem ya fi irin wannan kallo koyar da mene ne yaƙi: This War of Mine, da wani kamfanin Poland ya fitar a 2014 bisa ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo, babban birnin Bosniya, daga 1992 zuwa 1996. A cikinsa ba soja kake ba, farar hula ne a rusasshen gida, kana neman magani da abin ƙona wuta, kana shawarar ko za ka sace wa tsofaffi abincinsu don naka su rayu. A 2020 Poland ta sa shi cikin abin da ake ba ɗalibai shawarar nazarta.

Ko mai kallon ƙwallo bai tsira daga labarin ba. FIFA da UEFA sun dakatar da Rasha kwana huɗu da fara yaƙin Yukren, aka ɗauke wasan ƙarshe na Zakarun Turai daga Saint Petersburg zuwa Paris, attajirin Rasha Abramovich ya sayar da Chelsea. Shakhtar Donetsk ta Yukren rabonta da filinta tun 2014. Al Hilal da Al Merrikh na Sudan sai a gasar Muritaniya suka buga kakar 2024/25.

| Ma'auni | Kallon ƙwallo | Gem | Labarin yaƙi |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Na wata-wata, sananne | Mai yawa sau ɗaya, ko kyauta mai ɓoyayyen caji | Kusan kyauta, sai data |
| Sauƙi | Sai an jira ranar wasa | Sai na'ura ko waya mai ƙarfi, da koyo | Ba ya buƙatar komai |
| Abin da ke saura | Hira da zumunci | Ƙwarewa, abokai | Fahimta in daga rahoto ne, fargaba in daga jan allo ne |
| Haɗari | Caca, matsalar zuciya | Jaraba, sayayyar ciki, rashin barci | Ƙarya, firgici, bushewar zuciya |
| Wa ke tashin zama | Alƙalin wasa | Ya danganta da irin wasan | Kai kaɗai |

Wanne ya dace da wa

Wanda ya wuni yana aikin ƙwaƙwalwa, yake son abin da zai sauke masa gajiya ya kuma sallame shi a kan lokaci, ya ɗauki ƙwallo. Ƙungiya ɗaya, wasa ɗaya ko biyu a mako, cikin mutane in da hali, kuma ko sisi kada ya zuba a kai. Wanda ya san ya taɓa faɗawa caca, ƙwallo a waya ba tasa ba ce, domin tallan na nan a gefen allo. Ya kalla a talabijin tare da wanda yake jin nauyinsa, ko ya fita ya buga ta da ƙafarsa, wanda dama ya fi kallon amfani ga jiki.

Wanda aikinsa maimaici ne, ya wuni ana ba shi umarni, yake marmarin abin da shi ne mai yanke hukunci a ciki, gem ya fi masa. Ya zaɓi wanda ake saya sau ɗaya kuma ake iya dakatarwa, ko na ƙwallo da aboki a gefe. In na harbi ne a waya saboda abokai na nesa, a yanke adadin zagaye tun kafin a fara, kuma a cire katin banki daga asusun. Ɗalibi mai jarrabawa a gaba da mai jariri a gida, nasu shi ne wanda ake iya ajiyewa a tsakiya.

Labarin yaƙi kuwa ban ga wanda zan ba shawarar ya mai da shi abin yin dare ba. Kowa na buƙatarsa, amma da rana, minti 20 zuwa 30, daga kafa biyu da ba bakinsu ɗaya ba, a karanta ko a saurara maimakon kallon gajerun bidiyo, kuma kada a tura abin da ba a san tushensa ba. Ɗan kasuwar da kayansa ke bin teku ko farashin mai, rahoton mako-mako ya fi masa amfani a kan na kowace awa. Wanda ke da ɗan'uwa a inda ake yaƙin, ba zan ce masa ya rage ba, don ba zai iya ba. Abin da zai taimake shi shi ne lambar mutum ɗaya a can, da sanarwar hukumomin agaji irin su Red Cross masu haɗa iyalan da yaƙi ya raba, da wani na kusa da zai riƙa duba masa bidiyoyin kafin su iso gare shi.